Baba, wane littafi za mu karanta?

Tambayar ta fito daga wata 'yata cikin Ubangiji, tela ce a Aboabo, nan Kumasi. Ta ce su goma sha huɗu ne a zumuntarsu ta mata, suna haɗuwa kowace Asabar da la'asar. Wasu 'yan Bawku ne, wasu 'yan Bolga, biyu daga Nijar, ɗaya daga Jos, Hausa ce ta haɗa su. Sun yi shawara kowa ta riƙa zuwa da littafin da take karantawa ta ba sauran labari, to amma abin ya koma nuna bango kawai: a ɗaga littafi, a yaba, a mayar jaka. Biyar cikinsu suna karanta Turanci sosai, biyar suna lallaɓawa, huɗu kuwa ba su taɓa shiga aji ba. Sai ta ce, "Baba, kai da ka tsufa cikin littattafai, me kake karantawa yanzu? Mu kuma da wanne za mu fara?"

'Yata, sannu da ƙoƙari, ki gaishe mini da matan duka. Bari in fara da mai sauƙin. Da asuba Ayuba nake karantawa, a tsohon juyi na 1932, sura ɗaya kullum, yanzu ina tsakiyar doguwar maganar Elihu. Da dare kuma, in ba a ɗauke wuta ba, littafin Agustin na tuba da yabo nake bi, karo na uku ke nan. Shi ke nan fa. Za ki zaci mutumin da ya haura shekara ashirin yana sayar da littattafai goma ne a gefen gadonsa. Dā haka nake, kowanne an ci sura biyu an sa masa tsinke an ajiye. An ce ba a taunar taura biyu. Ni ma da nake da biyun, ɗaya ta safe ce ɗaya ta dare, ba sa haɗuwa a baki.

A lissafin da kika yi mini, ba biyar ɗin masu Turanci na fi kallo ba, huɗun nan ne. Duk littafin da zan ambata miki, ta wurinsu zai bi kafin in ce ya dace da ku. Ma'aunin da nake aiki da shi ke nan tun da daɗewa: in mai karatu ta karanta sura, ta rufe littafin, ta kasa gaya wa tsohuwar da ke kusa da ita abin da ke ciki da Hausa, to ko dai ba ta gama fahimta ba, ko kuwa surar ce ba ta da abin faɗa. Kada huɗun nan su ɗauka 'yan rakiya ne. Ikilisiyar farko da kunne ta yi karatu. Bulus ya rubuta wa Kolosiyawa cewa in an karanta wasiƙarsa a cikinsu, a kai wa mutanen Lawudikiya su ma a karanta musu. A farkon Wahayi ma albarkar ta haɗa mai karantawa da masu saurare. Mutum ɗaya ne ke riƙe da takarda, sauran jama'a kunne suke bayarwa.

Saboda haka ku fara da Bisharar Markus, da murya, daga aya ta fari har ta ƙarshe. Sura 16 ce, ita ce mafi gajarta cikin bisharun huɗu, ba ta da dogon jerin kakanni, labari ne ke bin labari kamar ana kora shi. In kuna cin sura biyu kowace Asabar, wata biyu kun gama. Na san za ki ce ai littattafai kika tambaya, ba Littafi Mai Tsarki ba, wannan kowa na da shi. Ki tambayi matan, wace ce a cikinsu ta taɓa jin Markus gaba ɗayanta a jere? Yawancinmu ayoyi muka sani tsinke-tsinke, wadda fasto ya ɗauko ranar Lahadi da wadda aka liƙa a bayan trotro, motar haya.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa na dage a kan wannan. Shekarun baya ina koyar da wani ɗan aji a tsakar wani gida a Asawase, kan benci, fitila ɗaya. Akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai da take zuwa, tun ƙarfe uku na dare take tashi dama koko, don haka da na fara karatu sai gyangyaɗi. Ba na ganin laifinta. Ran nan muka iso Markus sura 5, labarin matar da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini, ta sha wuya a hannun masu magani da yawa, ta kashe duk abin da take da shi, ciwo sai gaba yake. Sai na ji an ce, "Tsaya, Malam." Idonta a buɗe tar. Da Hausarmu ta zango, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, ta ce, "Matan nan na san shi. A layinmu yake." Ta shiga lissafo mini: asibiti, mai maganin gargajiya, sansanin addu'a, atamfofin da aka sayar, har keken ɗinki. Sannan ta tambaye ni, "Shi Yesu, nawa ya karɓa a wurinshi?" Na ce ko sisin kwabo, ƙari ma ya kira ta 'yarsa. Ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta ce a sake karantawa. Na karanta sharhi da dama a kan wannan nassi, babu wanda ya yi mini tambayar da ta yi.

To wane juyi za ku riƙe? Wannan yana bukatar ɗan bayani, don in ba haka ba gardama za ta tashi tun Asabar ta fari. Aikin juya Maganar Allah zuwa Hausa ya faro tun wajen shekarun 1850, lokacin da wani Bajamushe mai suna Schön ya zauna da wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai. Amma cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932, bayan wahalar shekaru da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Tonawa, wato masu jin Twi, sun riga mu da nisa, tun 1871 suke da nasu da Twi. Juyin 1932 Hausarsa tsohuwa ce, mai nauyi, tsofaffin da suka taso da shi ba sa yarda da wani. An sake wani juyi a 1979, wanda ya fi yaɗuwa a majami'u, daga baya kuma aka yi Sabon Rai Don Kowa da Hausa mai sauƙi. Sunaye sun ɗan sha bamban. Inda na 1979 ya ce Yahaya, sauran biyun Yohanna suke cewa. Inda ya ce Mai Hadishi, su Mai Wa'azi suke cewa. Inda ya ce Almasihu, za ki ga Kristi ko Kiristi. Mutum ɗaya ne, littafi ɗaya ne, kada wata ta ce an canja mata Littafi. Don karatu da murya a zango, ni na fi son na 1979 ko Sabon Rai Don Kowa. Na 1932 ki bar wa irina.

Kada kuma wadda ta yi tuntuɓe a karatun Hausa ta ji kunya. A Gana muna jin Hausa a kasuwa, a tasha, a rediyo, amma ba ta cikin harsunan da ake koya wa yara a makarantun gwamnati. Mai digiri ma sai ki ga ya tsaya cak a gaban ƙ da ɗ da ɓ, ya karanta c kamar k. Maganinsa ɗaya: a buɗe Littafi Mai Tsarki na waya, irin YouVersion ko Bible.is, a kunna muryar mai karatu da Hausa, a bi da yatsa a takarda. Mako uku ido ya saba. Su huɗun nan kuwa a sa musu muryar a wayoyinsu, su ji suna wanke-wanke. In kun zo aya mai daɗi, ki sa 'yar Bawku ta karanta ta da Kusaal, 'yar Bolga da Frafra. Cibiyar GILLBT da ke Tamale ta daɗe tana juya Littafi zuwa harsunan arewa. Hausa ta haɗa ku, amma akwai maganar da ba ta shiga zuciya sai da harshen da uwa ta yi wa mutum faɗa da shi.

In kuɗin zumunta zai sayi littafi babba guda ɗaya tak, ya zama Africa Bible Commentary. A 2006 ya fito, malamai 70 'yan Afirka suka rubuta, Tokunboh Adeyemo na Najeriya ya jagoranci aikin. Kundi ɗaya ne mai kauri, ya bi Littafi daga Farawa zuwa Wahayi, a tsakani kuma akwai gajerun maƙalu kan abubuwan da ke damunmu, irin maita, gadon gwauruwa, bashi, da biki na mutuwa. An juya shi zuwa Hausa, Sharhin Littafi Mai Tsarki Don Afirka. Ba littafin da ake karantawa daga bango zuwa bango ba ne. Sai kun karanta nassi, kun tattauna, kun cije, sannan a buɗe shi. In kuka fara da shi, bakin kowa zai mutu, a zauna ana jiran abin da malam ya ce. Don karatun kowa a ɗakinta kuwa, Daily Guide na Scripture Union ya isa, yana da arha, kuma yana sa mutum ya buɗe Littafin da kansa, ba aya ɗaya yake ba ka ya cika sauran shafin da labarin kansa ba.

Yanzu ga inda wasu za su ji haushina. Na san irin littattafan da suka fi yawa a jakunkunan nan, don ni ma na sayar da su, kuma su suka fi biyan kuɗin haya. Bango mai walƙiya, hoton marubuci da kwat, suna mai alkawari: mabuɗai bakwai na kaza, sirrin buɗewar kaza cikin kwana 21. Ba na cewa duka ƙarya ne. Wasu masu rubutun masu tsoron Allah ne, kuma matar da haya ta taso mata ga kuɗin makaranta ba za a hana ta neman kalmar ƙarfafawa ba. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Ga gwajin da zan koya muku, ba ya bukatar makarantar tauhidi. Duk ayar da marubuci ya kawo, ku buɗe ta, ku karanta ayoyi biyar kafinta da biyar bayanta.

Ku gwada da Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce yana iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi. Ku hau sama kaɗan, aya 11 da 12, za ku tarar mutumin yana tsare, yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. "Kome" ɗin nan har da kwana da yunwa ba tare da ya yi wa Allah tawaye ba. Ku gwada da Irmiya 29:11, ayar shirin alheri da kowa ke so. Aya 10 ta ce sai bayan shekara 70 a Babila. Waɗanda aka fara karanta wa wasiƙar, yawancinsu a ƙasar bauta aka binne su, an kuma ce musu su gina gidaje, su yi gonaki, su nemi lafiyar birnin da suke baƙunta. Mu da muke zaune a zango, nesa da garuruwan iyayenmu, wannan surar ta fi yi mana magana in an karanta ta cikakkiya. Haka 3 Yohanna aya 2, wadda ake kafa hujjar arziki da ita: gaisuwar buɗe wasiƙa ce ga wani mai suna Gayus, kamar yadda za ki rubuta "da fatan kana lafiya, ya aiki". In littafi ya faɗi wannan gwaji sau uku a sura ɗaya, ku ajiye shi ba tare da faɗa ba. Mutanen Biriya ma Bulus da kansa suka riƙa bincika a Nassi kowace rana, aka kuwa yaba musu.

Ban da Markus, littafin da nake so ya fara shiga hannunku ɗan siriri ne, ba zai cika tafin hannu ba. Sunansa Jesus of the Deep Forest, wato Yesu na ƙurmin daji, kamfanin Asempa ya buga shi a Akra a 1981. Mai shi Afua Kuma ce, mutuniyar Kwahu, manomiya kuma ungozoma, 'yar Church of Pentecost, ba ta yi makarantar boko ba. Addu'o'inta ne da yabonta, da Twi take yi, aka ɗauka a kaset, aka rubuta, wani fada na Katolika mai suna Jon Kirby ya juya su zuwa Turanci. Abin da ta yi mu Hausawa muna da sunansa: kirari. Ta ɗauko irin kirarin da ake yi wa sarakunan Akan da jarumai da mafarauta, ta ɗauko daji da kogi da dutse da kayan gona, ta jibga wa Yesu. A bakinta Yesu ba baƙon da ya sauko daga jirgin ruwa ba ne, shi ne mafaraucin da ya shiga inda kowa ke tsoro ya fito da nama. Marigayi Kwame Bediako, babban malamin tauhidi da ya kafa cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong, ya ɗauki maganar wannan tsohuwa da muhimmanci ƙwarai, har ya yi mata doguwar tattaunawa a littafinsa Jesus in Africa.

Dalilin da na sa shi gaba a fili yake. Ranar da huɗun nan suka ji cewa matar da ba ta iya riƙe alƙalami ba ita ce malaman jami'a ke nazari, zaman zumuntarku zai canja. Ku karanta shafi ɗaya, mai jin Twi ta faɗi yadda zai fito da Tonanci, sannan ku tambayi juna: da Hausa, wane kirari za mu yi masa? Mun gaji kirari kaka da kakanni, muna yi wa sarki, muna yi wa ɗan dambe, muna yi wa mahauci, amma in mun zo addu'a sai mu koma aron kalmomin wasu. Wata ta riƙe biro ta rubuta abin da ya fito daga bakin tsofaffin. Ki adana takardar.

Don matsalolin gida da na unguwa, ku nemi African Christian Ethics na Samuel Waje Kunhiyop, malamin ECWA daga arewacin Najeriya, 2008 ya fito. Turancinsa a miƙe yake. Yana da surori kan rashin haihuwa, auren mace fiye da ɗaya, gwauraye da marayu, cin hanci, maita, talauci. Kowace sura tana fara da yadda al'ada ke kallon abin, sannan ta kawo abin da Nassi ya ce. Ba sai kun bi shi a jere ba, ku zaɓi surar da ta taɓa wata a cikinku. 'Yar Jos ɗin nan za ta ji kamar a ƙofar gidansu aka rubuta shi. In kuma kuna da ƙarfin hali, akwai Daughters of Anowa na Mercy Amba Oduyoye, 'yar Methodist ta ƙasar nan, wadda ta tara mata malaman tauhidi na Afirka a Legon a 1989 suka kafa ƙungiyarsu. A 1995 littafin ya fito. Ta bi tatsuniyoyi da karin maganar Akan da Yarbawa tana tambaya, me suke koya wa yarinya game da kanta, coci kuma gyarawa ta yi ko ƙara wa borno dawaki? Ni namiji ne, tsoho kuma, ba kowane shafi na yarda da shi ba. Amma bayan na gama shi na kama kaina ina tauna wasu karin maganarmu da nake jefa wa marigayiya matata cikin raha, na ga ashe ba duka ne abin dariya ba. Turancinsa yana da ɗan tauri, mai ƙarfin karatu ta karanta ta kawo muku.

Akwai kuma maganar maƙwabta, wadda ba za a zauna a Aboabo a tsallake ta ba. Masu kawo miki ɗinki, mai gidan da kike haya, wataƙila ƙanin mahaifinki ma, Musulmi ne. Ana aiko miki da naman layya, kina aika musu da shinkafar Kirsimeti. Wasu ƙananan littattafai da ke yawo game da Musulunci zagi ne zalla, in kika maimaita abin da ke cikinsu a bakin famfo za ki ɓata zumuncin shekara ashirin, kuma ba gaskiya kika faɗa ba. Ku karanta My Neighbour's Faith na John Azumah, 2008. Fasto ne na cocin Presbyterian, ɗan arewacin Gana, ya san abin daga cikin dangi. Yana bayyana abin da Musulmi suka gaskata yadda su da kansu za su ji su ce haka ne, sannan ya nuna inda muka rabu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙasar da Babban Limaminta, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya taka har cocin Christ the King a Akra ranar Ista ta 2019 lokacin cikarsa shekara 100, ai ba ta cancanci mu riƙa karatun ƙiyayya ba.

Mai son ta zurfafa sai ta nemi Lamin Sanneh, mutumin Gambiya, wanda ya taso a makarantar allo, ya zama Kirista, ya koyar a Legon, ya ƙare a jami'ar Yale ta Amurka, ya rasu a 2019. A littafinsa Translating the Message na 1989 ya nuna cewa bangaskiyar Kirista ba ta da harshe guda da aka keɓe mata. Ko bisharun ba da harshen da Yesu ya yi magana a gida aka rubuta su ba, da Helenanci ne. Duk inda bangaskiyar ta je sai ta ɗauki sunan da mutanen wurin ke kiran Mahalicci da shi: Onyankopon a nan, Mawu wurin Ewe, Naawuni wurin Dagomba, Allah wurinmu. Ran da wani ya tare ki da cewa me ya sa Littafinku na Hausa ke cewa Allah, amsar tana nan. Littafin Sanneh yana da nauyi, ban ce a karanta shi a zumunta ba. Tarihin rayuwarsa, Summoned from the Margin, ya fi sauƙin shiga.

Da tsohuwar zuma ake magani, don haka kada shekara ta ƙare ba ku taɓa tsohon littafi ko ɗaya ba. Agustin da na ce ina karantawa ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, garin Annaba na yanzu, ya rasu a 430. Littafin ana kiransa Confessions, da Allah yake magana tun daga shafin fari har na ƙarshe, mu muna gefe muna ji. Yana ba da labarin yadda ya saci 'ya'yan itace yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, don daɗin ɓarna da abokai kawai, ya kuma tsaya yana tonon zuciyarsa a kan wannan 'yar sata shafi bayan shafi. Amma ku mata, Monika za ku riƙe, uwarsa. Ta yi shekaru tana kuka a kan ɗan da ya fi ƙarfinta, ya yi mata dabara ya shiga jirgi ya gudu Roma ya bar ta a bakin teku, ta bi shi har Milan. A 387 aka yi masa baftisma, a shekarar kuma ta rasu a hanyar komawa gida. Duk matar da ɗanta ke kwana a waje ba ta san inda yake ba za ta gane Monika. Kashi 13 ne littafin, ku tsaya a na tara, daga nan ya shiga zurfin da ni ma ninƙaya nake da ƙyar. Ku nemi juyin Turanci na zamani, kada a haɗa ku da mai tsohon Turanci.

Sai The Pilgrim's Progress na John Bunyan, mai gyaran tukwane da ya sha shekara 12 a kurkukun Bedford a Ingila saboda wa'azi ba izini. A 1678 ya fito, an juya shi zuwa harsuna sama da 200. Tafiya ce, da kaya a baya, da taɓo, da kasuwar ruɗu, da 'yan fashi a hanya. Jikokin fataken goro ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, akwai kashi na biyu, na 1684, inda matar mutumin ta kwashi 'ya'yanta ta bi sawunsa. Shi nake so ku karanta. Yana faɗuwa da Hausa kamar tatsuniya.

Wadda take tunanin shiga makarantar tauhidi wata rana, ta haɗa Byang Kato da Bediako ta karanta. Kato ɗan Kwoi ne, ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975 yana da shekara 39, a shekarar da littafinsa Theological Pitfalls in Africa ya fito, yana gargaɗi kada a gauraya bishara da addinin gargajiya. Bediako ya ga Kato ya tsananta, ya amsa masa a rubuce. Ni har yau ina tsakaninsu, ran da na dawo daga wani biki na mutuwa Kato nake ba gaskiya, ran da na buɗe Afua Kuma sai in koma wurin Bediako.

Saura maganar kuɗi. Littafi ya yi tsada, sidi, kuɗin Gana, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kada kowa ta sayi nata. Ku yi adashi, susu ɗin nan da kuka saba, kowace Asabar a jefa abin da ya sawwaƙa, in ya taru a sayi kwafi biyu na littafi ɗaya. Ku duba shagunan littattafai na coci-coci a Adum, in babu a sa wani mai zuwa Akra, ko Ankara in ji tsofaffinmu, ya leƙa shagon littattafai na Challenge a Kokomlemle. Littafi Mai Tsarki kuwa a tambayi Bible Society ta Gana. Na Hausa sun fi samuwa a Jos, musamman shagon littattafai na ACTS a Bukuru, sai ku riƙe ƙafar 'yar'uwarku in za ta gida, ko direbobin da ke bin hanyar Legas. In za ki saya a tebur a bakin titi, ki buɗe tsakiya ki ƙirga shafuka. Na taɓa sayo katan guda a wurin wani, da arha har ina murna, ashe bugun sata ne, shafi talatin da biyu babu a tsakiyar kowanne, sai da masu saye suka fara dawo mini da su ɗaya-ɗaya. Ku sami akwatin ƙarfe mai murfi, ku ɗora shi kan bulo, don damina da gara ba su san littafi mai tsarki da marar tsarki ba. Ku kuma ajiye ɗan littafin rubuta aro. Kiristan da ba zai taɓa ɗaukar miki allura ba, sai ya riƙe littafinki shekara biyar zuciyarsa fes.

Nawa na Afua Kuma yana nan a shago, bangon ya rabu na ɗinke shi da baƙin zare. Ke da kike tela, in kin ga ɗinkin kada ki yi mini dariya. Ki aiko yaronki ranar Laraba kafin ƙarfe biyar ya karɓa. Zan rubuta sunanki da kwanan wata, kuma ranar da kuka gama Markus nake son abina.